A Yaɓe Turamen Yara Tun Ba Su Yi Kogo Ba

Kowane maigida ya san ba a jira sai damina ta kankama sa'an nan a nemi magini. Tun da bazara ake yaɓe soro da makuba, a toshe kowace tsaga. To, likitoci suna da dabara irin wannan game da haƙoran yara, ga shi kuwa mutanenmu kaɗan ne suka san da ita.

In yaro ya kai kamar shekara 6, turame huɗu sukan fito masa can ƙurya, bayan haƙoran yarinta. Iyaye da yawa suna zaton za su faɗi lokacin famfara. Ba haka ba ne, waɗannan na dindindin ne, in sun lalace ba su da madadi. Waɗansu huɗu kuma sukan biyo baya wajen shekara 12. Bisa kansu akwai 'yan kwaruruka matsattsu, inda asuwaki da buroshi ba su kai sosai. Nan guntun alewa da sauran kayan zaƙi ke maƙalewa, ƙwayoyin cuta su mai da su tsami, tsamin nan ya yi ta cin haƙori har ya zama kogo.

Yaɓen ba shi da wuya. Likita zai wanke haƙorin, ya busar da shi, ya zuba wani ruwan roba cikin kwarurukan, ya haska masa fitila, nan take ya daskare. Ba allura, ba huji, ba zafi. Tushen aikin daga binciken Dokta Michael Buonocore na Amurka ne, a 1955. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana a 2016 cewa yaɓen yana hana kashi 80 cikin 100 na kogon turame har shekara biyu. A 2021 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wani irin siminti na haƙori, wanda shi ma ake yaɓe da shi, cikin jerin magungunan da ya wajaba a tanada.

Yaɓe ba ya ɗauke wa yaro goge baki safe da dare, ko rage zaƙi. Kuma yakan ɓanɓare, saboda haka sai a riƙa komawa ana dubawa.

Malaman makaranta, maganar nan taku ce, gama shekarun fitowar turamen nan su ne na shiga aji ɗaya. Yaron da haƙori ya hana barci ba ya fahimtar karatu. Ku faɗakar da iyaye, ku ce su tambaya a asibiti. Ku kuma ma'aikata masu tsara kasafi, ku tuna kuɗin yaɓe bai kai na cike kogo ba, balle hasarar cirewa. Muna roƙon hukuma ta riƙa aika ma'aikatan haƙori makarantu, don ɗan talaka na ƙauye ya samu rabonsa.