Dokar hana ƙwace kampani: wa take karewa?

Duk mai mota ya san tayar Goodyear. A 1986 wani attajiri, James Goldsmith, ya dinga sayen hannun jarin kampanin nan na Amurka don ya karɓe shi, ko shugabanninsa sun so ko sun ƙi. Mutanen Akron, garin da cibiyar kampanin take, suka tashi tsaye, majalisar jihar Ohio ta yi doka cikin gaggawa don taka mishi birki.

Ya janye, amma fa ba hannu rabbana ba. Kampanin ya ci bashi ya saye jarin nashi da riba mai tsoka. To, wa ya biya? Aka saida wasu sassa, aka rufe masana'antu, ma'aikata da dama suka rasa aiki. Shugabanni kuwa suna bisa kujerunsu.

Shi ya sa ni ban cika tafa ma irin dokokin nan ba. Ku dubi ta jihar Delaware, ta 1988: wanda ya sayi kashi 15 cikin 100 ba da yardar shugabanni ba, galibi sai ya jira shekara 3 kafin ya haɗe kampanin da nashi. Yardar shugabanni aka ce, kun ji. Mai ƙera tayar ba wanda ya tambaye shi.