Zanen Turai, zayyanarmu, da kuskuren cewa "na da bai iya ba"

'Yan uwa mazauna Yerimaram da sauran unguwannin Potiskum, musamman mu da neman abinci ya kawo iyayenmu ƙasar Yobe har ta zama gida.

Yau zancen zane zan yi. Zan fara da cocinan Italiya, amma ku yi haƙuri da ni, cikin gafakar alarammominmu zan sauka.

A zamanin da Turawa ke kira tsakiyar zamani, wato kafin wajen 1400, mai zane a coci ba ya damuwa da abin da ido ke gani a zahiri. Bayan hoton sai ya shafe shi da ruwan zinariya, babu gari, babu gona, babu nisa. Wanda ya fi daraja shi ne ya fi girma a hoton, ko da yaro ne. Fuskoki a daskare, ba dariya ba kuka. Haka Cimabue ya zana Nana Maryamu wajen 1280.

Daga nan abu ya fara sauyawa. Giotto ya yi zanen wani ƙaramin coci a Padua wajen 1305, inda mutane suka fito da nauyin jiki da baƙin ciki a fuska. Wajen 1427 Masaccio ya yi zane a bangon cocin Santa Maria Novella a Fulorans, wanda in ka tsaya gabansa sai ka ce an huda bangon an yi ɗaki. A 1435 Alberti ya rubuta ƙa'idar lissafin: abin da ke nesa ya ƙanƙance, layuka su haɗu a ɗigo guda. Wannan shi ne zamanin Renesans, wato farfaɗowa.

To ga inda gizo ke saƙar. A 1550 Giorgio Vasari ya fitar da littafinsa na tarihin masu zane, ya nuna salon da a matsayin aikin da bai goge ba. Wannan hukunci ya daɗe yana aiki, aka shafe tsofaffin zane da yawa, aka jefa wasu a rumbu. Sai daga baya masana suka gane cewa na da ba rashin iyawa ba ne. Niyya ce daban. Na farko yana so ya ɗauke hankalin mai ibada daga duniya, na biyu yana so ya kawo labarin cikin duniyar da mai kallo ya sani.

Mu Musulmi ba mu zana siffar annabawa, kuma ba wannan nake kira a yi ba. Namu zanen addini shi ne zayyana, kuma kuskuren Vasari muke maimaitawa a kanta.

Ku ɗauko Alƙur'ani rubutun hannu irin na Barno ku duba. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da ɗigon rawaya, alifin wasali da kore, bisa ruwayar Warshu. A gefen warƙa ga alamar hizbi, nisfi, rubu'i, sumuni da sajada, kowace da siffarta. A manyan rabe-raben littafin ga zayyana mai cin shafi. Babu launin da aka sa don kwalliya kawai. Kowanne yana gaya wa mai tilawa wani abu. Kuma aikin ba na jiya ba ne: akwai Alƙur'anin Barno mai ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, wato 1669. Turawan da suka zo Kukawa a shekarun 1820 sun rubuta cewa ana fitar da rubutun Barno har Masar da Arewacin Afirka. Kar mu manta Yobe kanta cikin Barno take sai 1991.

Amma yau yaro ya buɗe bugun Madina, ya ga layi a miƙe kamar an ja da zare, sai ya dubi na kakansa ya ce wannan ai a karkace yake. Har walimar sauka wasu sun koma hoton da aka buga a shagon kwamfuta maimakon allon zayyana.

Kar a fahimce ni baibai. Ma'aikatar Sarki Fahd da aka buɗe a Madina a 1984 ta yi wa Musulmi babban aiki, talaka ya samu Mushafi mai tsabta a sauƙaƙe. Su ma mutanen Renesans sun kawo ilimi na gaske. Abin da nake ƙi shi ne a auna na hannu da ma'aunin inji. Alaramman da ya rubuta izu sittin da ka, da alƙalamin kara, ba gasar miƙe layi ya shiga ba. Shaidar hadda ce ya ajiye.

Saboda haka ga roƙona guda uku. In ɗanka zai yi sauka, ka je tsangaya ka sa a yi masa allon zayyana da hannu, ka biya mai aikin da daraja. Sana'ar da ba ta ciyar da mai ita ba ta samun magaji. In akwai rubutun hannu a gidanku, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da laima, kuma kar a sayar wa dillali. Sannan a ɗauki hoton warƙoƙin da waya, a tambayi dattawa sunan wanda ya rubuta da garin da ya fito, a rubuta a ajiye tun suna raye.

Mu da muka baro garuruwan kakanninmu, sau da yawa wannan gafaka ita ce kaɗai takardar asalin da ta biyo mu. Turawa sun samu kuɗi da lokacin gyara abin da suka shafe. Takardar da gara ta cinye kuwa ba ta dawowa.

Allah ya jiƙan malamanmu, ya sa mu dace. Wassalam.