Wa ka bari a cikin hazo?

A tsakiyar shekarun 2000, masu sha'awar haɗa fim a Amurka da Turai sun yi wani yayi mai ban mamaki. Mutum zai ɗauko kyamarar bidiyo ta gida mai cin kaset ɗin MiniDV, ya nemo tsohon madubin kyamarar hoto na Nikon ko Canon, da guntun bututun roba, da faifan CD, ya zauna yana harhaɗa su har su zama wani ɗan akwati da ake ɗaurawa a gaban kyamara. Burinsa ɗaya ne: bidiyon gida ya yi kama da na silima, wato fuskar mutum ta fito garau, abin da ke bayansa kuma ya koma dishi-dishi.

Wannan wahala tana da dalili. Farantin da ke karɓar haske a cikin irin waɗannan kyamarori ɗan mitsitsi ne. Ko a masu tsada, faɗinsa bai kai milimita 5 ba. Na kyamarar hoto mai fim kuwa milimita 36 ne. Ƙaramin faranti yana tafiya da gajeren madubi, gajeren madubi kuma yana nuna na kusa da na nesa duk tangaran. Shi ya sa bidiyon gida yake fitowa da komai a fili, tun daga hancin jariri har zuwa bokitin da ke can ƙuryar tsakar gida.

Dabarar akwatin ita ce yaudarar kyamara. Tsohon madubin yana jefa hoto a kan wani gilashi da aka goge fuskarsa har ya dusashe, kamar yadda majigi ke jefa hoto a bango. Kyamarar bidiyon ba ta kallon duniya kai tsaye, hoton da ke kan gilashin take ɗauka, tare da hazonsa. Kamfanin P+S Technik na Jamus ya sayar da irinsa mai suna Mini35 a kan dubban daloli. Marasa ƙarfi suka koma ga farin faifan roba da ke zuwa a saman tulin CD, suka goge shi da takardar yashi, suka sa masa ƙaramin inji yana juya shi don kada ƙurajen gugar su fito a hoto.

Sai dai akwatin ba ya ba da komai a banza. Hoton yana fitowa a kife, kai ƙasa ƙafa sama, dama ta koma hagu. Gilashin yana shanye haske, don haka ɗakin da ido ke gani sarai sai ya yi wa kyamara duhu. Gefuna sukan yi baƙi. Kyamara kuma ba za ta saita kanta ba, sai da hannu. Da madubi mai milimita 50 a buɗe, idan mutum yana tsaye mita biyu daga gare ka, zurfin da zai fito garau bai kai santimita 20 ba. Ya ɗan sunkuyo, ka rasa shi.

A 2008 Nikon D90 da Canon 5D Mark II suka fito da bidiyo a kan babban faranti, yayin akwatin ya fara gushewa. A 2021 kuma iPhone 13 ta zo da salon da manhaja ke ƙirƙiro hazon da kanta. Duk da haka, ra'ayina shi ne wanda yake son koyon ɗaukar bidiyon iyalinsa zai ƙaru idan ya haɗa wannan tsohon akwati ko da sau ɗaya ne, domin yana tilasta masa amsa tambayar da waya take amsa masa ba da saninsa ba: wa za a gani, wa za a bari a hazo? Wanda hannunsa ke kan zoben saiti ya san cewa duk lokacin da ya zaɓi fuska ɗaya, ya saki sauran.

Na fahimci nauyin wannan tambaya ranar da muka sake kallon tsohon kaset ɗin sunan ƙanwata. Mai ɗaukar bai da wata gwaninta, hankalinsa na kan jaririya da masu barka. Amma a bayansu ga kakarmu, Allah Ya jiƙanta, tana tankaɗe a bakin madafa, ga tsohon zauren da aka rushe daga baya. Ba wanda ya yi niyyar ɗaukar su. Gazawar kyamarar ce ta adana mana su. Ku kwatanta da bidiyon bukukuwan yanzu: amarya tana sheƙi, duk wanda ke bayanta ya zama inuwa mai launi. Bayan shekara ashirin, waɗannan inuwoyin ne za a riƙa nema.

Za a iya cewa wannan kewar tsohon zamani ce kawai, kuma wanda ke da waya mai kyau ba ya buƙatar goge faifai da takardar yashi. Da gaskiya a ciki. Ba kowa ke da lokacin wannan aiki ba, hoton akwatin kuma ba zai kai na wayar yau tsabta ba. Amma ni ba hoton nake tallata muku ba, horon nake nufi. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Hazon da ake samu da taɓa allo sau ɗaya, ana zuba shi ko'ina ba tare da tunani ba. Wanda ya sha wuya kafin ya same shi yana ajiye shi don inda ya dace: lokacin da uba ke yi wa jariri huɗuba a kunne, ko hawayen uwa ranar kai amarya.

Wanda ba zai haɗa akwatin ba, to ya ɗauki darasin kyauta. A taro na gaba, ya kashe salon hazo na minti biyar, ya ja da baya, ya ɗauki tsakar gidan yadda take, da shanya da tukwane da tsofaffin da ke zaune a gefe. Silima tana ɓoye bayan fage don ta ja hankalin baƙo zuwa ga jarumi. Bidiyon gida kuwa na jikoki ne, kuma ba mu san wace fuska za su zo nema ba.