BATIR MUDU NE, A DUBA GINDINSA

'Yan'uwa talakawa, yau maganarmu a kan wani abu ne da ba ya cika hannu, amma ya na cin kuɗin gidajenmu kowane mako. Watau batir. Wanda ya zaga kasuwar Ikara, ko ta Maƙarfi, ko ta Hunƙuyi, ya ƙirga teburan da a ke sayar da batura da fitilu masu caji da fawabank, zai gane inda mu ke samun haske a ƙasar nan. Mai shayi da shi ya ke ganin kofinsa. Mai POS da shi ya ke ciniki. Mai rake a Maƙarfi da mai tumatir a Ikara, da wayar hannu su ke jin farashin Kano da na Legas kafin su yi lodi, waya kuwa in batirinta ya mutu ta zama dutse.

Ba mu ne mu ka zaɓi wannan hali ba. A 1972 aka kafa NEPA. A 2005 aka sake mata suna. A Nuwamba 2013 aka sayar da kamfanonin raba wuta ga 'yan kasuwa, aka ce da mu duhu ya ƙare. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, ƙaramin janareta ya gagari mai shago. A Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin da a ke kira Band A zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana. Mu na tambaya, wace unguwa ce a Paki, ko Gimi, ko Likoro ta ke ganin awa 20? A Oktoba 2024 kuwa, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa su ka lalace, jihohi da yawa sun kwana fiye da mako guda cikin duhu. A kwanakin nan babu wanda ya tsaya wa talaka sai batirinsa.

To, tun da ya ke abin ya zama haka, tilas mu san shi kamar yadda mu ka san hatsi. Ba a taɓa yi wa ɗan kasuwa wayo da mudun da aka bubbuge gindinsa, domin ya na juya shi ya duba. Batir shi ma mudu ne. Wuta a ke aunawa a zuba cikinsa. Bambancin kurum shi ne a rufe ya ke, ba ka ganin cikinsa, sai lambar da aka rubuta a bayansa. A nan ne a ke cutarmu, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Batura iri huɗu ne su ka fi yawo a hannunmu.

Na fari shi ne busasshen batir na tocila da rediyo, irin su Tiger Head da kowa ya sani. Gwangwaninsa na tutiya ne, da sandar gawayi a tsakiya. Asalinsa daga aikin wani Bafaranshe ne mai suna Leclanché, a 1866. Ƙarfinsa bolt 1.5, shi ne V ɗin da ku ke gani a jikinsa. Ya na da araha, ya kuma dace da abin da ba ya jan wuta da yawa, kamar agogon bango da rimot da ƙaramar rediyo. Ba a yi masa caji. In ya tsufa gwangwanin ya kan huje, ruwansa ya zubo ya cinye ƙarfen tocila. Masu cizonsa da haƙori ko shanya shi a rana don ya farfaɗo, ɗan abin da su ke samu bai kai wahalar ba, ga kuma dauɗar da ke shiga baki. Ya na da ƙane wanda a ke kira alkalin, irin su Duracell da Energizer, wanda ya shigo kasuwa wajen 1959. Shi ma bolt 1.5 ne, ya fi tsada, amma a abin da ke jan wuta sosai ya kan ninka wancan daɗewa. Kada a gama sabo da tsoho a tocila ɗaya, tsohon zai janye sabon ƙasa, shi kuma ya yi yoyo.

Na biyu shi ne ɗan mitsitsin nan mai kamar anini, na agogon hannu da ma'aunin awo da wasu kayan wasan yara. Aikinsa kaɗan ne, hatsarinsa babba. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa 2 ya na iya ƙona naman wurin. Iyaye mata, a kiyaye. In hakan ta faru, a nufi asibiti nan take, kada a tsaya jiran ya fita da kansa.

Na uku shi ne batirin dalma, mai ruwan asid a ciki. Wani Bafaranshen ne kuma, Planté, ya ƙago shi a 1859. Ɗakuna 6 gare shi, kowane bolt 2, jimla 12. A nan ne mutanenmu su ka fi yin hasara, domin ba su san iri biyu ne ba. Na mota, farantan dalmarsa sirara ne, an yi shi don ya ba da wuta mai ƙarfi ta ɗan lokaci ya ta da inji, sa'an nan injin ya mayar masa. Na inbata da sola kuwa, farantansa masu kauri ne, an yi shi don a ja shi a hankali dare guda. Wanda ya ɗaura batirin mota a inbata, kamar ya ɗaura wa dokin sukuwa kayan jaki ne, watanni kaɗan zai durƙushe. Yawancin fitilun caji masu araha ma ƙaramin batirin dalma ne a cikinsu, shi ya sa in aka bar su a mace kwana da kwanaki ba su ƙara tashi.

Na huɗu shi ne litiyam, wanda ke cikin wayar hannu da kwamfuta da fawabank. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da shi a 1991, a 2019 kuma aka ba mutum uku da su ka yi aikinsa kyautar Nobel. Ba shi da nauyi, ya na ɗaukar wuta da yawa, amma ba ya son zafi, ba ya son duka. In kun ga batirin waya ya kumbura, a cire shi, kada a huda shi, domin ya na kama wuta. Akwai wani irinsa da a ke rubuta wa LiFePO4, shi ne yanzu a ke sa wa sola. Ya fi na waya haƙuri da zafi, a na iya cika shi a juye sau dubbai, alhali na dalma daga ɗaruruwa ne zuwa dubu da wani abu. Kuɗinsa na farko ya fi yawa, amma in aka raba bisa shekarun da zai yi, sau da yawa shi ne mai sauƙin.

Yanzu ga lissafin mudun, kowa ya riƙe shi. A ce an kawo maka batirin inbata an rubuta 12V da 200Ah. Ka ninka 12 sau 200, ka sami 2,400. Iyakar abin da mudun ke ci ke nan. Amma batirin dalma ba a juye shi ƙarƙaf in a na son ya daɗe, rabi a ke ɗiba, watau 1,200. In kana da fanka mai wat 60, da ƙwai 4 masu wat 10 kowanne, da talabijin mai wat 50, jimla 150 ke nan. Ka raba 1,200 gida 150, awa 8. Inbata ita ma ta na cin ladanta, saura wajen awa 7. Duk wanda ya ce maka wannan batir ɗaya zai ɗauki firij da dutsen guga har asuba, ka riƙe kuɗinka. Na litiyam kuwa a na iya ɗibar kashi 80 ko 90 cikin 100 nasa, saboda haka ba a gwada lambarsa da ta dalma kai da kai.

Sa'an nan ka ɗaga shi. Dalma nauyi gare ta, ba ta ɓuya. Batir mai 200Ah na gaskiya ya kan kai wajen kilo 60. In ka ga yaro ya sure shi da hannu ɗaya, an rage dalma an bar lamba. Haka fawabank. Mai 20,000mAh na ƙwarai ya kan yi wajen giram 400, kuma kashi biyu cikin uku na wutarsa ne ke isa waya, saboda haka wayar da batirinta 5,000 ne, sau biyu da rabi ko uku zai cika ta. An sha fasa na jabu a tarar da yashi aka ɗura don nauyi, to, nauyi kaɗai bai isa shaida a nan ba, sai an gwada. Ƙananan baturan nan masu lamba 18650 na manyan tocilan zamani, mafi kyaunsu bai wuce wajen 3,500mAh ba. In ka ga an buga 9,900, lambar ce kurum ta ƙoshi.

Kiwonsa ma ilmi ne. Zafi ke kashe batirin dalma. An auna shi ne bisa yanayi mai digiri 25, kuma duk ƙarin wajen digiri 10 ya kan rage rabin kwanansa. Ku tuna bazararmu, watan Afrilu, a shagon kwano. A ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga, domin lokacin caji ya na fitar da iskar da ke kama wuta, kada a kusance shi da ashana ko taba. In ruwansa ya ja baya, tataccen ruwan nan na kwalba da a ke sayarwa domin batir a ke ƙarawa. Ba ruwan rijiya ba, ba kuma ƙarin asid ba.

In ya mutu fa? Nan ne abin tsoro. Mu kan jefa matattun batura a juji, da rani kuma mu kwashe jujin nan mu kai gona a matsayin taki. Manya kuwa 'yan gwangwan ke saye, a fasa da gatari, a tsiyaye asid a ƙasa, wani ma ya narka dalmar a bayan gida inda yara ke wasa. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro, abin da ta ɓata kuwa ba ya komowa. Ba mu manta da Zamfara ba. A 2010 yara fiye da 400 su ka rasu saboda ƙurar dalma. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Ba mu na zargin ɗan tebur ba ne. Shi ma sarowa ya yi a Kano ko Zariya, shi ma ba ya ganin cikin kwali, kuma shi a ke zuwa a zaga in kaya ya mutu. Tambayarmu ga masu mulki ce. Akwai hukumar SON ta duba ingancin kaya. Akwai NESREA ta kula da muhalli, wadda aka kafa a 2007, a 2024 kuma aka fitar da ƙa'idoji musamman a kan batura. Ta wace ƙofa jabu ke shigowa har ya iso Kudan? Da can a na yin Berec a Legas da Exide a Ibadan, duk an bar su sun rufe. Yau an gano dutsen litiyam a ƙasarmu, har a Mayu 2024 aka buɗe masana'antar tace shi a Jihar Nasarawa. Iyayenmu sun ga yadda aka yi da gyaɗa da auduga da fatu. A kwashe ɗanye da araha, a komo mana da shi cikin kwali da tsada. Ba mu yarda a maimaita wannan da litiyam ba.

Saboda haka ga abin da mu ke nema, a fili.

Ɗaya, ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, tun da su na karɓar kuɗin rumfa kowace ranar kasuwa, su ajiye na'urar gwajin batir da sikeli a hannun shugabannin kasuwa, mai saye ya gwada kafin ya biya. Kuɗinta bai kai na walimar rana ɗaya ba.

Biyu, duk batirin inbata ko na sola a sayar da shi da rasit da garanti a rubuce, da ranar da aka ƙera shi, domin batirin dalma ko a kan kanta ya ke ya na tsufa.

Uku, kowane asibitin karkara a sa masa sola da batir mai inganci, a kuma ware kuɗin gyara. Allurar rigakafi sanyi ta ke so, mace kuwa ba ta zaɓen lokacin naƙuda. Abin kunya ne unguwarzoma ta karɓi haihuwa da tocilar waya a baki. Fitilun kan titi da a ke kafawa gab da zaɓe, su mutu kafin damina ta biyu, sun ishe mu darasi.

Huɗu, a keɓe wurin tara matattun batura a kowace kasuwa, a hana fasa su cikin gari.

Biyar, dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon shirya tasu wutar. A yi aiki da ita, domin batir ma'aji ne kurum, ba ya haifar wuta. Rumbu ba ya maye gona.

Kalma ta ƙarshe ga wakilanmu na rumfunan zaɓe. Na'urar BVAS da aka yi aiki da ita a zaɓen 2023 da batir ta ke aiki, wayar da za ka ɗauki hoton takardar sakamako ita ma haka. Ƙirga ƙuri'a kuwa sau da yawa ya kan kai dare. Wakilin da wayarsa ta mutu da magariba ya bar akwatinsa ba mai tsaro. A zo da waya cike, da fawabank da aka gwada, da tocila da sababbin batura.

Mu karanta wannan a majalisa da rumfa, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Mu riƙa juya mudu mu na duba gindinsa, na kasuwa da na masu mulki baki ɗaya. Allah ya fid da talaka daga duhu. Amin.