Daga motar katako zuwa kan moto

Jama'a, wa ke tuna motar katako? Muna yara a Maradi, mu tsinto tsoffin boris huɗu a garejin makanikai, mu kafa ma katako. Igiya ce sitiyari, diddige ne birki. Ɗaya ya turo ka, sai gangare! Can muka koyi son gudu, can kuma muka koyi faɗuwa: gwiwa ta kurje, inna ta gasa maka, gobe ka rage.

Yau yaron da bai taɓa kurjewa ba ake miƙa ma makullin moto. Gudron kuwa ba ruwanta da ɗan wane. Iyaye, son gudu ba laifin yaro ba ne. Laifin mai ba shi makulli ne tun bai san zafin ƙasa ba. Allah Ya kiyaye mana su.