Kayan Kwalliya a Ido: A Fara da Ruwa

Kasuwanninmu yanzu cike su ke da kayan kwalliya iri-iri, kuma kowace amarya ana kai ta gidan gyara. Ba mu ƙi ado ba, amma lalle ne mu lura da abin da ke cikin kwalaben nan, domin ido ba shi da musanya.

Man miƙar da gashi, watau rilaksa, yawancinsa yana ɗauke da soda mai ƙuna irin ta yin sabulu, ko kuwa danginta. In ya shiga ido ba ya tsayawa a sama, ratsawa ya ke yi yana cin naman idon, har ya bar hakiya. Baƙin lalle kuwa, da rinin gashi, akwai wani sinadari a cikinsu mai suna PPD, wanda ke kumbura fatar ido. A Amurka, a 1933, wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure, mai wannan sinadari, ya makantar da mata. Wannan yana cikin dalilan da su ka sa aka kafa dokar 1938 ta kula da kayan kwalliya. Mu kuwa a Nijeriya, hukumar NAFDAC ce ke da wannan aiki tun 1993.

To, amma doka ba ta zuwa ɗakin amarya a lokacin da tsautsayi ya auku. Abin da ke ceton ido shi ne ruwa mai tsabta, nan take. A karkata kai, idon da ya ƙone yana ƙasa, a buɗe fatarsa da yatsu, a riƙa zuba ruwa da buta har minti 20, in soda ce a kai 30. Kada a murza. Kada a ɗiga nonon uwa, ko ruwan sukari, ko kwalli. In gam ɗin gashin ido ne ya manne fatar, kada a ɓamɓare da ƙarfi. Sa'an nan a garzaya asibiti tare da kwalbar, ko da zafi ya lafa.

Malamai, ku koya wa 'yan makaranta wannan, musamman 'yan mata. Akawuna kuma ku sanar da iyalanku da masu gidajen gyara na unguwa. Wanda ya tsaya neman mota kafin ya nemi buta, zai iya isa wurin likita bayan ɓarna ta riga ta gama.