A Karɓi Kuɗin Cike Rami Tun Dutse Yana Fita

Duk tifar tsakuwa da aka juye a wurin gini a Abuja ta bar rami a bayanta. A Mpape, inda aka daɗe ana fasa dutse da nakiya domin gina birnin, wani tsohon ramin ya cika da ruwa har ya zama tafki mai zurfi, matasa suna tururuwar ɗaukar hoto a bakinsa. Kyan ruwan bai rage haɗarinsa ba.

Dokar Ma'adinai ta 2007 ta tanadi asusun da masu lasin za su riƙa zuba kuɗi a ciki domin gyara fili bayan an gama aiki. Sai dai kamfanin da ya riga ya kwashe injinansa wuyar kamawa gare shi. Kamata ya yi hukuma ta riƙa karɓar kasonta a kan kowace tifa, tun ciniki yana tafiya.

'Yan kwangila za su koka cewa tsakuwa za ta ƙara tsada, kuma da gaskiyarsu. Amma in ba a karɓa yanzu ba, Baitulmali ne zai biya kuɗin shinge da na ciko, ga shi kuwa gidajen jama'a sai ƙara matsowa bakin ramukan suke yi.